Sadique Baba Abubakar: Daga Kujerar Helikwafta Zuwa Shugabancin Sojin Sama

A ranar 8 ga Afrilu 1960 aka haifi Sadique Baba Abubakar a garin Azare, saura wata shida Nijeriya ta karɓi mulkin kai. Azare ita ce mazaunin Sarkin Katagum, masarautar da Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19. A zamanin Turawa ne aka ɗauke gadon sarauta daga tsohon garin Katagum aka dawo da shi Azare. Shekarar da aka haifi yaron nan, Nijeriya ba ta da sojan sama ko guda. Rundunar da zai shugabanta bayan shekara 55, ya girme ta da shekara huɗu.

Abin da ya sa aka kafa rundunar ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da Nijeriya ta tura dakaru Kwango aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960, jiragen wasu ƙasashe ne suka yi jigilarsu. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ga ƙasa mai cin gashin kanta bai kamata ta riƙa roƙon abin hawa ba duk lokacin da za ta motsa sojanta. Aka fara tura samari Habasha da Kanada da Indiya koyon tuƙi, aka ɗauko Jamusawa su tsara rundunar, sannan majalisa ta zartar da dokar kafa ta a Afrilun 1964. Shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig. Sai a 1966 ɗan ƙasa na farko, George Kurubo, ya hau kujerar.

Ba ta gama tsayuwa da ƙafafunta ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Cikin gaggawa aka sayo jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet da L-29 na Cekosulobakiya, aka samo Il-28 masu jefa bom. Jirage sun iso, matuƙa ba su wadata ba, dole aka yi hayar baƙi, har da Misirawa. Bayan yaƙi kuɗin fetur ya shigo. A 1975 aka kawo MiG-21 da manyan jiragen dako C-130, a shekarar kuma John Yisa-Doko ya karɓi shugabancin rundunar. Farkon shekarun 1980 Alpha Jet suka iso, a 1984 aka ƙara da Jaguar daga Ingila. Wannan runduna mai tashe da sababbin jirage ita ce Sadique ya tarar lokacin da ya gama firamare da sakandare a garin Bauci ya shiga horon hafsoshi a Nuwamban 1979, wata guda bayan an rantsar da Shehu Shagari.

Ɗalibin matuƙi na wancan zamani daga Kaduna yake farawa, a kan ɗan ƙaramin jirgin koyo mai suna Bulldog. Daga nan hanya take rabuwa uku: wasu a kai su jiragen yaƙi masu gudu, wasu jiragen dako, wasu helikwafta. A idon jama'a, har a cikin bariki, masu jiragen gudu su ne 'yan gaban goshi, kuma galibin waɗanda suka shugabanci rundunar daga cikinsu ko daga masu jiragen dako suka fito. Sadique ya faɗa kashi na uku. A tsawon aikinsa ya tuƙa jirgi iri bakwai: Bulldog da Piper Warrior masu fiffike, sai helikwafta biyar, wato Enstrom da Bell 206 da Bo-105 da Mi-17 da Mi-35P.

Ya kamata mai karatu ya san abin da wannan aiki ya ƙunsa, domin a ganina shi ya gina mutumin. Matuƙin helikwafta ba ya da gaɓa mai hutu. Hannun dama yana kan sandar da ke tsakanin gwiwoyinsa, da ita yake karkata babbar farfela gaba ko baya ko gefe. Hannun hagu yana kan wata sanda a gefen kujera, in ya ja ta sama jirgi ya ɗaga, in ya sassauta ya yi ƙasa. Ƙafafu biyu suna kan feda masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya, wadda in babu ita jirgin zai riƙa juyawa a wuri ɗaya. Duk lokacin da ya taɓa ɗaya, sai ya gyara sauran biyun nan take. Shi ya sa tsayuwa cak a sama, abin da mai kallo yake ɗauka ba komai ba ne, ita ce mafi wuyar koyo. Ƙasarmu kuma tana da nata ƙarin wahala. Da tsakar rana a watan Afrilu iska ta yi zafi ta yi shara-shara, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, sai an rage kaya ko mai ko mutane kafin a tashi. Da hunturu hazo ya rufe gari. Wajen sauka a fili mai rairayi kuwa, iskar farfela tana tayar da ƙura ta lulluɓe jirgin gaba ɗaya a daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatar ganin ƙasa. Kuma shi ba ya wucewa can ƙololuwa kamar mai jirgin gudu. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, yana ganin rufin bukka da garken shanu, yana kuma cikin zangon bindigar da aka girka a bayan mota. Shi ake kira in soja ya ji rauni a daji, shi ake kira in harsashi ya ƙare wa bataliya.

Shekarun da jirage suka kwanta, 1986 zuwa 1999

Ƙuruciyar aikinsa ta faɗo a mafi munin zamanin rundunar. A Disamban 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ce ta gano shirin juyin mulki, aka kama Manjo Janar Mamman Vatsa da wasu hafsoshi. Ranar 5 ga Maris 1986 aka harbe Vatsa tare da mutum tara, cikinsu har da matuƙan sojin sama. Wannan tarihi ne rubutacce. Abin da ake faɗa a bakin tsofaffin sojoji, wanda ba takarda ba ce ta hukuma, shi ne daga ranar masu mulki suka daina yarda da sojin sama, suka bar su da gangan ba kuɗi ba kayan gyara, don kada wata rana a yi amfani da jirgi a kansu. Ko da niyya ko babu, sakamakon ɗaya ne, kuma akwai wasu dalilai da kowa ya gani. Farashin fetur ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran jirgi kuwa da kuɗin waje ake sayensu. Jaguar da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu ba su yi shekara goma suna tashi ba aka ajiye. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 da rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, ƙasashen Yamma suka sa takunkumin makamai, ƙofar da ta rage ta rufe. Alpha Jet kaɗan ne suka ci gaba da aiki, su ne suka yi yaƙin ECOMOG a Laberiya da Saliyo.

Ranar 26 ga Satumba 1992 wani C-130 ya faɗi a fadamar Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas. Mutum fiye da 150 suka rasu, mafi yawansu matasan hafsoshi ɗaliban kwalejin Jaji, tsaran Sadique. Duk hafsan da ya rayu a waɗannan shekaru ya ga yadda matuƙi yake shafe watanni bai tashi ba har hannunsa ya yi sanyi, ya ga yadda ake ciro kayan jirgi ɗaya a raya wani. Da yawa suka ajiye aiki suka koma kamfanonin jiragen farar hula. Shi ya zauna, ya kuma yi karatu: digirin kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, digiri na biyu kan dabarun tsaro a Jami'ar Ibadan, daga baya kwas na manyan hafsoshi a Alƙahira.

Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta buɗe wa helikwafta sabon babi. A 2000 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta sayo Mi-35P daga Rasha, aka girke su a Fatakwal. Wannan ba irin Bo-105 ba ne na ceto da ɗaukar saƙo. Jirgin yaƙi ne mai sulke, mutum biyu a gaba ɗaya bayan ɗaya, mai harbi a ƙasa, matuƙi a bayansa ya ɗan ɗara shi tudu, a ciki kuma akwai wurin soja takwas. Igwarsa mai baki biyu a manne take a gefen dama, ba ta juyawa, sai matuƙi ya saita hancin jirgin kan abin da zai harba, wato sai ya fuskanci mai harbinsa ido da ido. Sadique yana cikin waɗanda suka tuƙa shi, har ya riƙe rukunin ayyuka na musamman mai lamba 97 da ke Fatakwal, gidan waɗannan jirage, a yankin da rikicin Neja Delta ya mayar filin daga mai rafuka da surƙuƙi inda mota ba ta shiga. Ya kuma yi aiki da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, a ɓangaren tsara zirga-zirgar jirage. Daga nan muƙamai suka biyo baya: kwamandan rundunar horaswa a Kaduna, shugaban sashen kula da inganci, shugaban sadarwa a hedikwatar tsaro, sai shugaban sashen mulki na sojin sama.

Yana kan waɗannan kujeru wutar Boko Haram, wadda ta tashi a Maiduguri a Yulin 2009, ta zama yaƙi sosai. Asubahin 2 ga Disamba 2013 mayaƙan ƙungiyar suka kutsa sansanin sojin sama na Maiduguri suka lalata helikwafta biyu da wasu jirage uku da aka daina amfani da su. A Afrilun 2014 aka kwashe 'yan matan Cibok. A Agusta Gwoza ta faɗi, a Oktoba Mubi ta bi, har garin Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Alex Badeh, wanda shi kansa tsohon shugaban sojin sama ne. A Satumban shekarar wani Alpha Jet ya ɓace, daga baya Boko Haram ta nuna bidiyon kisan matuƙinsa. Nijeriya ta nemi sayen helikwafta samfurin Cobra daga Isra'ila, Amurka ta hana, tana kafa hujja da take haƙƙin ɗan Adam. A nan ne sakacin shekara ashirin ya fito fili, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ana iya sayen jirgi cikin watanni in akwai mai sayarwa, amma matuƙin yaƙi sai an yi shekaru ana renonsa, haka injiniyan da zai kula da jirgin.

Kujerar shugabanci, 2015

Ranar 13 ga Yuli 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya sauke manyan hafsoshin da ya gada ya naɗa sababbi: Gabriel Olonisakin a hedikwatar tsaro, Tukur Buratai a sojin ƙasa, Ibok-Ete Ibas a sojin ruwa, Sadique Abubakar a sojin sama, shi ne na 20 a jerin. Wata guda bayan haka aka ɗaga shi zuwa muƙamin Eya Mashal. Gidan da ya karɓa yana cikin kunya. Ba a daɗe ba hukumar EFCC ta gurfanar da magabatansa biyu, Badeh da Adesola Amosu, kan zargin karkatar da kuɗin rundunar. Badeh bai ga ƙarshen shari'arsa ba, 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Keffi a Disamban 2018.

Sabon shugaban ya fara da abin da shekarun kwanciya suka koya masa. Ya sa aka tayar da jiragen da suka daɗe a ajiye, ya dage a riƙa yin manyan gyare-gyare a cikin gida, ƙwararrun waje su zo nan su yi aikin tare da injiniyoyinmu maimakon a kwashi jirgi a kai musu. Bisa lissafin rundunar kanta, jiragen da ke iya tashi sun ƙaru daga kimanin kashi 35 cikin 100 zuwa sama da kashi 80. Ya sayo Super Mushshak guda 10 daga Pakistan don makarantar Kaduna ta dawo da rai, kuma kafin ya sauka matuƙa fiye da 100 sun samu fiffikensu. Cibiyar fasahar sojin sama da ke Kaduna ta samu matsayin jami'a, a Fabrairun 2018 kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgin leƙen asiri marar matuƙi da aka haɗa a can da taimakon wani kamfanin Fotugal.

Inda aka fi ganin hannun matuƙin helikwafta shi ne a jerin sayayya. Cikin sababbin jirage 23 da rundunar ta ce ta karɓa a zamaninsa, 13 helikwafta ne: Mi-35M biyar masu iya yaƙin dare, Agusta 109 huɗu daga Italiya, Mi-171E biyu, da Bell 412 biyu waɗanda gwamnatin jihar Ribas ta shigo da su tun farko aka miƙa wa sojin sama. Na yarda da wannan zaɓi. Abokin gaba da ke yawo a kan babur yana fakewa a gindin bishiya ba da jirgin da ke tsaga sama cikin ƙiftawar ido ake nemansa ba. Ya kuma ƙarfafa dakarun ƙasa na rundunar masu tsaron sansani, don kada abin da ya faru a Maiduguri ya sake faruwa, ya kafa rundunar ayyuka na musamman mai hedikwata a Bauci da rundunar horon ƙasa a Inugu. Masu suka sun ce gida ya yi wa gata da ya kai hedikwata jiharsa. Masu kare shi suka ce Bauci tana tsakanin Arewa maso Gabas da Filato da Arewa maso Yamma, ko wane ne zai iya zaɓenta. A Bama da Dalori rundunar ta buɗe asibitocin gaggawa ga 'yan gudun hijira.

A fagen daga an ga bambanci. Boko Haram ta daina tafiya cikin jerin gwanon motoci da rana tsaka kamar yadda take yi a 2014, domin jirgi zai gan su. A Disamban 2016 sojoji suka shiga sansanin da ake kira Camp Zero a dajin Sambisa, aka yi ta murna.

Murnar ba ta cika wata guda ba. Ranar 17 ga Janairu 2017, wajen tsakar rana, jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bom biyu a garin Rann, hedikwatar ƙaramar hukumar Kala-Balge a bakin iyakar Kamaru. Garin cike yake da 'yan gudun hijira, mutanen da suka tsere wa Boko Haram suka taru a inda sojan gwamnati yake don su tsira. Ma'aikatan agaji suna cikin aikinsu a lokacin. Fiye da mutum 100 suka mutu, shugabannin yankin suka ce waɗanda aka binne sun haura 200, da yawa mata ne da yara, shida kuma ma'aikatan Red Cross ne. Kwamandan yaƙin, Manjo Janar Lucky Irabor, ya fito a ranar ya amsa cewa jirgin soja ne, Sadique kuma ya nuna alhini, aka kafa kwamitin bincike. Bayan wata shida hedikwatar tsaro ta ce dalili shi ne ba a yi wa wurin alama a taswirar aiki ba, aka ga taron mutane daga sama aka ɗauka 'yan ta'adda ne.

Wannan bayani bai gamsar da ni ba, ban kuma ga yadda zai gamsar da wanda ya binne 'ya'yansa ba. Rann gari ne da sojan ƙasa ke riƙe da shi. In mai jirgi bai san da sansanin ba, to sojan ƙasa da na sama ba sa magana da juna yadda ya kamata, kuma wannan laifin manya ne, ba na yaron da ya danna maɓalli kaɗai ba. Taƙaitaccen bayani jama'a suka samu a bakin kakakin soja, cikakken rahoto bai fito ba. A Janairun 2018 kuma ƙungiyar Amnesty ta zargi jiragen rundunar da harba rokoki a Disamban 2017 kan ƙauyukan yankin Numan a Adamawa lokacin rikicin makiyaya da manoma, ta ce aƙalla mutum 35 sun mutu. Rundunar ta musanta.

Rann ta shafi har cinikin makamai. Gwamnatin Barack Obama tana dab da amincewa da sayar wa Nijeriya jiragen Super Tucano 12, sai ta dakata. Donald Trump ne ya sa hannu a 2017, a cinikin da aka ƙiyasta dala miliyan 593. Buhari ya ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar fetur ya biya kafin majalisa ta amince, abin da ya tayar da ƙura a 2018.

Yaƙin kuwa ya sake kama. Ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram a 2016 ya zama ISWAP ya kafu a tsibiran tafkin Cadi ya koma kai wa sansanonin soja hari kai tsaye: Metele a Nuwamban 2018, Baga a Disamba. Daren 2 ga Janairu 2019 wani Mi-35M, cikin sababbin nan, ya faɗi yana kai ɗauki ga bataliya ta 145 a Damasak, duka mutum biyar da ke ciki suka rasu.

A daidai wannan lokaci wata wutar ta kama a yamma. Ƙarshen Yulin 2018 rundunar ta buɗe farmakin Diran Mikiya a Zamfara, ta girke dakarun gaggawa a Gusau, tana tashi daga Katsina. Wannan fage ya fi na Borno wuyar rarrabewa daga sama, domin ɗan bindiga da makiyayi mai zaman kansa duk a daji ɗaya suke, shigarsu ɗaya, ruga kusa da ruga. A Afrilun 2019 majalisar sarakunan Zamfara ta ce bama-bamai suna faɗa wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Rundunar ta nemi hujja, sarakuna suka fitar da sunaye, ta kafa kwamiti, kwamitin ya wanke ta. Kwamitin da mai laifi da alƙali gida ɗaya suka fito ba ya kashe magana. A ƙauyuka kuma wani zance ya bazu, wai ana ganin helikwafta yana sauka a daji da dare yana sauke wa 'yan bindiga makamai ya kwashi zinariya. Wannan zancen baka ne, hukumomi sun sha ƙaryata shi, ko da yake haramta shawagin jirage a samaniyar Zamfara da gwamnati ta yi a Maris 2021 ya ƙara masa ƙarfi a zukatan mutane. Yaɗuwarsa dai ta nuna yadda amana ta lalace tsakanin talaka da abin da ke wucewa a kansa.

Akwai rana guda da masu ƙaunarsa ba sa mantawa. Ranar 15 ga Oktoba 2019 ya liƙa wa mata biyu fiffike a Abuja: Kafayat Sanni, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai fiffike, da Tolulope Arotile, mace ta farko matuƙiyar helikwaftan yaƙi a tarihin rundunar. Arotile ta yi aiki a kan Agusta 109, ta shiga farmaki kan 'yan bindiga a jihar Neja. Ranar 14 ga Yuli 2020, tana da shekara 24, mota ta buge ta a cikin sansanin Kaduna ta rasu. Maganganu sun yi yawa cewa kashe ta aka yi. Binciken rundunar ya ce haɗari ne, wani tsohon ɗan makarantarsu ne ya yi baya da mota don su gaisa, aka miƙa shi ga 'yan sanda. An binne ta a maƙabartar sojoji ta Abuja.

Shekarar 2020 ta ƙare da baƙin ciki biyu. Ƙarshen Nuwamba aka yi wa manoman shinkafa yankan rago a Zabarmari, kusa da Maiduguri, ranar 11 ga Disamba kuma aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar Ƙanƙara. Majalisar tarayya ta sha kiran a sauya manyan hafsoshi, waɗanda wa'adinsu ya daɗe da cika. Ranar 26 ga Janairu 2021 su huɗun suka ajiye aiki, Isiaka Oladayo Amao ya gaji Sadique. Ya yi shekara biyar da rabi a kujerar, shekara 41 cikin kaki. Manyan jiragen da ya yi wa fafutika bayan tafiyarsa suka iso: JF-17 uku daga Pakistan a farkon 2021, rukunin farko na Super Tucano a Yuli.

Hukuncina a kansa shi ne ya bar runduna wadda ta fi wadda ya tarar nesa ba kusa ba, ta fuskar jirage da matuƙa da masu gyara, kuma ko masu adawa da shi ba su cika musun wannan ba. Amma ya sauka ƙauyukan Arewa sun fi 2015 yawan masu kwana a daji, ko da yake wannan nauyi ba nasa ba ne shi kaɗai, domin jirgi yana tarwatsa taro ne, riƙe gari sai soja a ƙasa da 'yan sanda da gwamnati mai adalci. Inda nauyin ya hau kansa kai tsaye shi ne tsarin tantance abin da za a harba da kuma faɗin gaskiya bayan an yi kuskure, kuma a nan bai yi abin da ya kamata mutumin da ya san ƙasa daga kusa ya yi ba.

A Fabrairun 2021 Buhari ya miƙa sunayen tsofaffin hafsoshin a matsayin jakadu, majalisar dattawa ta amince duk da ƙorafin masu cewa kariya ake nema musu daga bincike. Sadique aka tura Cadi, ƙasar da dakarunta suka yi yaƙi tare da namu a bakin tafki, a shekarar da aka kashe Shugaba Idriss Déby a fagen daga ɗansa ya hau. Bai daɗe a Njamena ba. A 2022 ya dawo gida ya samu tutar jam'iyyar APC ta takarar gwamnan Bauci. A zaɓen 18 ga Maris 2023 Gwamna Bala Mohammed na PDP ya samu ƙuri'a 525,280, shi kuma 432,272. Ya bi shari'a har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da nasarar gwamnan a Janairun 2024.

Yanzu da ya tuɓe kaki ya shiga neman ƙuri'ar talaka, babu abin da zai hana shi sa baki a fitar da cikakken rahoton Rann, a karanta wa mutanen Kala-Balge da harshen da suke ji. 'Yan majalisar Borno su nema, shi kuma ya mara musu baya.